Saukar Abla Atiyat

Ba a taɓa dukan surukata ba, ba a taɓa zaginta ba, kullum kuma da nama a miyarta. Da wannan na fara domin shi 'ya'yanta za su faɗa maka in ka tambaye su, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma wata bakwai cur ta yi a ɗakin da ke kan rufin benenmu tana roƙon a sauko da ita, aka ƙi. Ni Tahani, matar ƙaramin ɗanta Wagdi, ni nake hawa in kai mata abinci, don haka kada wani ya ce min ban san abin da nake faɗa ba.

Abla Atiyat ake ce mata, yadda muke kiran malamai mata. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da laburaren makarantar 'yan mata ta garinmu, ni ma ta hannunta na bi tun ban san zan auri ɗanta ba. Mace ce mai tsawa. In kika lanƙwasa kunnen shafi, ranar sai kin gwammace kiɗa da karatu. Amma in ta hango yarinya tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa, sai ta zaro littafi ta miƙa mata ta ce, "Karɓi, tun ɗazu yake jiranki." Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana. Ita ta rene su, ita ta ɗora benen nan hawa bayan hawa, kowane ɗa da nasa. Da ta yi ritaya sai ta buɗe tagar ɗakinta na ƙasa mai kallon titi, ta ci gaba da ba da aron littattafanta ga duk wanda ya zo. Ba ta rubuta sunan kowa. Ta san wa ya ɗauki me, ta kuma san wanda ya zuba wa nasa shayi.

Lafiya lau muke zaune har ranar da babban ɗanta, Alhaji Safwat, ya tattaro ya dawo daga Kuwait bayan shekara goma sha tara, da gemu da tumbi da carbi mai tsada. Daga tashar jirgin ƙasa ya hau adaidaita, ya fara kwatancen gida, sai direban ya katse shi ya ce, "Oho, wajen Abla Atiyat! Ai da ka ce haka tun farko." A wajenmu namiji ba ya son a ambaci sunan uwarsa a gaban maza, yara ma da shi suke tsokanar juna har a fasa baki. Alhaji ya iso gida a fusace. Muna zaune a kan abincin rana ya fashe.

"Sunan uwata a bakin ɗan adaidaita! Wani ƙazami da sigari a kunne! Kai kuma Wagdi kana zaune kana kallo?"

Abla ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To da sunan wa zai kira ni, na uwarsa? Ci abincinka, Safwat, miyar lalon nan za ta huce."

Muka yi dariya duka, ban da shi.

Bayan mako biyu ya shigo ɗakinta da murmushi, ya sumbaci hannunta, ya shafa bango. "Mama, dubi yadda danshi ya cinye nan. Wallahi shi yake kashe miki gwiwa. Ki ba ni mako biyu kacal a gyara a yi fenti. Can sama ga rana ga iska, sai ka ce a bakin teku."

"Littattafaina fa?"

"Ba mai taɓa su."

Da ƙafarta ta hau, tana dafe da kafaɗata. Matakala saba'in da huɗu ce, a kowane hawa sai mun tsaya ta mayar da numfashi. Da muka kai ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa, ta ce, "Hawan dai ya yiwu, Tahani. Saukar ce ban sani ba." Na ce haba Mama, mako biyu ai kamar gobe ne.

An yi fenti kuwa. Sai ga mota ta sauke kujeru masu ruwan zinari, da kafet, da fitilar nan mai reto. Tagar da Abla take miƙa littafi aka toshe ta da na'urar sanyaya ɗaki. Littattafan aka ɗura su a buhunan albasa, aka hau da su kan rufi aka jibge kusa da akurkin tattabaru. Ɗakinta ya zama falon baƙin Alhaji, inda manyan unguwa suke taruwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a sha shayi a sasanta rigimar mutane. Mai sasanta mutane ke nan fa!

Duk ranar da ya hau gaishe ta sai ta tambaya, shi kuma uzuri ba ya ƙare masa. Yau fenti bai bushe ba. Gobe warin fenti zai kama mata ƙirji. Sai a bari azumi ya wuce. Da azumi ya wuce sai ya daina ɓoye-ɓoye.

"Mama, kin yi wa mutane bauta shekara hamsin, me suka ba ki? Ki huta ki kama ibada. Mace mai darajarki ba ta zama a taga kowane kare da doki yana kiran sunanta."

"Ni na ce maka na gaji?"

"Ba sai kin faɗa ba, ni ɗanki ne."

Mu ma ya kafa mana doka, kada ya ƙara jin "Abla" a gidan nan. Hajiya ce, ko Umm Safwat, wato uwar Safwat.

Ita kuwa ba a banza ta yi shekara talatin da huɗu tana fama da 'yan mata ba. Ta sa na kawo mata kwando da igiya, irin wanda kowace mace take zurawa daga bene ta sayi gurasa. A ƙofar gidanmu akwai Fawkiyya mai kayan miya, wadda ta koyi karatu a tagar Abla tana da shekara hamsin. Sai Abla ta leƙo ta kan katangar rufi ta ƙwala kira, "Fawkiyya, tumatir!" Kwando ya sauka da littattafai uku a ƙarƙashin tsumma, ya hau da tumatir biyu da waɗanda aka dawo da su. Wata guda ana haka. Tumatir ya yi mana yawa a gida har na rasa yadda zan yi da shi, amma a watan nan Abla ta yi ƙiba, tana tsefe kanta tana faɗa da tattabaru.

Wata Juma'a kwandon ya daki kafaɗar wani baƙon Alhaji. Mutumin ya ɗaga kai ya washe baki ya ce, "Kai, Abla Atiyat ce! Allah ya ƙara lafiya, Abla!" a gaban kowa. Baƙi suna watsewa Alhaji ya hau sama, ina biye da shi da tiren abinci. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance igiyar ya naɗe ta a hannu.

"Za ki faɗo, Mama. In kika faɗo me zan ce wa Allah?"

"Ka gaya masa abin da kake gaya min, ka ga ko zai karɓa."

Ya yi dariyar yaƙe, ya sumbaci goshinta, ya sauka da igiyar.

Sai mutane suka fara zuwa ƙofa suna tambaya. Da yake ni ce a hawa na ɗaya, ni aka ɗora wa aikin. Alhaji ya ce duk wanda ya zo in ce Hajiya tana barci, likita ya hana a dame ta. Na kalli mijina. Wagdi ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi yadda Yaya ya ce, Tahani. Gidan nan ba ya son fitina." Kuma na yi. Ba zan ɓoye ba, na yi. Na kori Ibtisam mai kantin magani. Na kori malamai biyu da suka taso daga makarantar. Fawkiyya sau uku tana hawowa da kwanon wake, sau uku ina ce mata tana barci, tana kallona kamar mai kallon ruɓaɓɓen tumatir.

Daga nan Abla ta fara zubewa. Da farko takan jawo kujera bakin katanga ta kalli titi, amma daga hawa na biyar kawunan mutane kawai ake gani, muryar kuma ta rage ƙarfi, in ta yi kira hayaniyar ababen hawa ta cinye ta. Sai ta daina. Tabaraunta ya karye, Wagdi ya sa a aljihu ya ce gobe zai kai gyara, goben nan ba ta zo ba. Buhunan littattafai suka sha rana suka sha kashin tattabaru, ta daina cewa in buɗe mata su. Matar da ba ta taɓa yarda a ga gashinta a hargitse ba, sai in same ta da la'asar da rigar barci. Tire yana hawa da tattabara da shinkafa, yana saukowa yadda ya hau. Ƙafafunta suka kumbura don rashin tafiya. Alhaji kuwa duk Juma'a yana hawa da dabinon Madina, ya yi minti biyar, ya sauko ya gaya wa baƙinsa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa. Ina kicin ina jin sa ina cizon yatsa.

Na tare Wagdi yana shirin fita aiki. Na ce, "Mama tana mutuwa a sama."

"Tsufa ne."

"Tsufan wata shida? Ka goyo ta ka sauko da ita, kai ba namiji ba ne?"

"In sauke ta ina? Ɗakin ya zama na baƙi. Ke ba ki gane ba, Yaya shi ne a matsayin uba. Kuma me ta rasa? Ci ko sha?"

Ya ɗauki jakarsa ya fice, ni kuma na koma na ɗora shayi. Haushin kaina ya fi haushinsa yawa a ranar.

A wata na bakwai, wata safiya na kai mata madara na tarar tana zaune ta zuba wa ƙofa ido. Ba ta karɓi kofin ba. Ta ce, da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba, "Tahani, 'yata, ashe haka mutane suke? Shekara hamsin, ko mutum ɗaya bai taka matakalar nan ya ce ina Atiyat ba. Har Fawkiyya. Ko dai tsawar da na yi musu ce ba su yafe ba?"

Na ajiye kofin. Na durƙusa a gabanta na fashe da kuka, na gaya mata komai. Na lissafa mata waɗanda suka zo, da abin da na ce musu, da wanda ya sa ni. Can sai na ga ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"Ke, share hancinki. Karatu na koya miki, ban koya miki ƙarya ba."

"Ki yafe min, Abla."

"Wannan sai daga baya. Yau wace rana?"

"Laraba."

"Miƙo min matajin nan. Sannan ki sauka ki ce wa Fawkiyya, duk wadda take riƙe da littafina ta dawo da shi jibi bayan masallaci. Hannu da hannu nake so."

Na gane nufinta. Na ce, "Abla, Yaya zai sa a kore ni."

Ta ce, "Zai iya. Ba zan ce miki ba zai iya ba. Ki zaɓa."

Na sauka. Fawkiyya tana auna wa wata kubewa, na raɗa mata saƙon. Ta ajiye ma'aunin ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ta farka ke nan?" Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Juma'a, falo ya cika da maza, shayi yana zagayawa, sai ga su. Mata sun fi talatin, wasu da baƙar abaya, wasu da kayan aiki, wata da goyo, kowacce da littafi a ƙirji. Fawkiyya ce a gaba, Ibtisam mai kantin magani tana bayanta. Alhaji ya fito bakin ƙofa carbi yana reto.

"Lafiya, bayin Allah?"

Fawkiyya ta ce, "Lafiya lau, Alhaji. Amana muka zo mayarwa."

"Madalla. Ku ba Tahani za ta kai."

"A'a, ranka ya daɗe. Hannu da hannu ta ba mu, hannu da hannu za mu mayar. Ko malaman da ke ciki suna da wata fatawar?"

Maza suka fara leƙowa. Alhaji ya juyo ya harare ni. "Tahani, gaya musu Hajiya tana barci."

Wagdi yana tsaye bayansa da butar shayi, yana roƙona da ido. Na buɗe baki.

"Idonta biyu, Yaya. Wata bakwai idonta biyu."

Na matsa daga bakin matakala, suka wuce. Wane namiji ne zai sa hannu ya tare matan mutane a gaban mazajensu? Alhaji ya tsaya yana kallonsu.

Mun same ta ta yi wanka, ta sa rigarta ruwan toka ta zuwa makaranta, wadda yanzu ta yi mata yawa. Mata suka fara kuka, ta daka musu tsawa. "Makoki kuka zo? Ku kama kujera!" Muka ɗaure ta a kujerar katako da gyale biyu, mutum huɗu suka ɗaga, a kowane hawa a canja hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Amma bakin yana nan. "Ke Ibtisam, a hankali, ni ba buhun albasa ba ce. Fawkiyya, wa ya ce ki naɗe bangon littafin nan?" Muna kuka muna dariya har muka kai ƙasa.

A ƙofar falo muka dire ta. Maza suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Alhaji ya sunkuyo kusa da kunnenta yana raɗa, amma na ji shi.

"Mama, ki rufa min asiri, ga mutane."

"Wane asirin? Ni ce abin kunyar taka?" Ta ture shi gefe da bayan hannu, ta ɗaga murya irin ta laburare. "Sunana Atiyat Abdulhafiz. Ni na haifi wannan, ni na gina ɗakin da kuke ciki. Duk wanda 'yarsa ko matarsa ko ƙanwarsa ba ta taɓa karanta littafina ba, ya koma ya zauna ya sha shayinsa."

Ba wanda ya zauna. Wani dattijo, tsohon shugaban makarantar maza, ya matso yana murza hula a hannu. "Abla, wallahi mu ce mana aka yi ba ki da lafiya."

"Na samu sauƙi, Ustaz. Ku kama a fitar min da kujerun nan, suna tare min hanya."

Wallahi baƙin Alhaji da kansu suka yi ta fitar da kujerun zinari suna jerawa a titi. Wagdi ma na gan shi ya ajiye buta ya kama ƙafar wata kujera. Alhaji ya haye sama ya rufe ƙofa.

Kwana ashirin da shida ta yi a ƙasa. Aka cire na'urar, taga ta buɗe, mata suka sauko da buhuna suka kakkaɓe abin da ya tsira. Ta ci abinci, ta yi faɗa, ta ba da aro. Amma jikin ya riga ya tafi, ƙafar ba ta sake ɗaukarta ba. Wata Talata da hantsi tana kan kujerarta a bakin taga, Fawkiyya ta miƙo mata littafi ta ga ba ta karɓa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan an share makoki Alhaji ya tara dangi ya ce mu muka kashe ta, da jijjigar matakala da hayaniyar mata. Ya ce ko in zo in sumbaci kansa in nemi gafara a gaban kowa, ko in bar gidan. Na bar gidan, wata huɗu ke nan ina gidan wana. Wagdi ya zo sau uku, kullum magana ɗaya.

"Minti ɗaya ne fa, Tahani. Ki sumbaci kansa a wuce wurin. Yara suna tambayarki."

Ina son 'ya'yana, ina son ɗakina, mijin ma da duk lalacinsa ina son sa. Amma in na sumbaci kan nan, na yarda ke nan cewa ajiye tsohuwa a sama kamar tsohuwar katifa shi ne biyayya, sauko da ita kuma shi ne laifi. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Ka bi titunan garin nan ka ɗaga kai, za ka ga ɗakuna a kan rufi da labule a sake, ka tambaya a ce maka Hajiya tana hutawa. 'Ya'yan kirki ne duka, suna kai nama, suna sumbatar hannu.

Zuwansa na ƙarshe na ce masa, "Wagdi, ka gaya wa Yaya akwai gafarar da nake nema, amma ba a wurinsa ba. Sau goma sha ɗaya na buɗe ƙofa na ce uwarku tana barci, alhali tana sama ta zuba wa ƙofa ido tana jiran a ƙwanƙwasa. Wannan shi ne laifina a gidanku, kuma ku kuka sa ni."

Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Ta yafe miki kuwa?"

Na ce, "Ni na roƙa, ta yafe. Kai ka roƙa?"